Tsohon gida mai aibi: a gyara, a bi takarda, ko a sayar yadda yake?

Gidajen da iyayenmu suka gina a gefen birnin Kano a shekarun 1970 da 1980, a wurare irin su Na'ibawa da Hotoro da Ɗorayi da Kurna da Rijiyar Lemo, su ne yanzu ke faɗowa kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da aka gina su bayan gari ne, gonaki ne kewaye da su. Yau gari ya cim musu har ya wuce. Mai gidan ya rasu, 'ya'ya sun watse, filin ya yi tsada, ginin ya tsufa, takarda kuwa tana nan a ƙasan adaka cikin leda yadda marigayi ya bar ta.

Idan irin wannan gida ne a hannunka kuma an tsayar da shawarar sayarwa, hanyoyi biyar ne a gabanka: ka sayar yadda yake, ka gyara ginin tukuna, ka gyara takardun tukuna, ka sayar da shi a matsayin fili, ko a yi cinikin cikin gida. Biyu daga ciki mun bi su da gidan mahaifinmu, ɗaya ta cinye mana kuɗi a banza, ɗaya ta cece mu. Zan zo kan wannan.

Da farko, wane irin aibi ne?

Mutane kan haɗa komai su ce "gidan yana da matsala", alhali matsalar iri uku ce, kuma kasuwa ba ta yi musu kallo ɗaya.

Akwai aibin gini. Kwano na yoyo, gara ta cinye katakon rufi, danshi na hawa bango daga ƙasa har shafe yana zubewa kamar gari, shadda ta cika ko ta fara ruftawa. Akwai wanda ya fi addabar tsofaffin unguwanni: shekara da shekaru ana ciko a layi, har titi ya fi tsakar gida tudu, ruwan Agusta maimakon ya fita sai ya shigo. Tsagewar bango ma iri biyu ce. Siririya mai kamar zare a jikin shafe ba komai ba ce. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ta bi layin bulo tana hawa kamar matakala, tana ƙara buɗewa kowace damina, wannan maganar harsashi ce.

Akwai aibin takarda. Filin awon igiya ne, abin da ke hannu takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa da dagaci. Ko awon gwamnati ne amma sunan da ke kan satifiket ɗin na mutumin farko ne, an sayar hannu uku ba a taɓa canjawa ba. Ko kuɗin ƙasa na shekara-shekara ya taru. Ko an yi ginin ba izinin hukumar tsara birane, wato KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ko an sami izinin amma daga baya aka fasa zaure aka fitar da shaguna uku, aka ɗora bene. Ko kuma gado ne ba a raba ba.

Na uku aibin wuri ne, shi ne ba ya jin magani: gida a kan hanyar ruwa, ko ya ci titi, ko yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ƙa'idar da hukumomin lantarki ke aiki da ita ita ce a bar faɗin mita 50 ga layin 330kV, mita 30 ga na 132kV, mita 11 ga na 33kV da 11kV. Gidan da ya faɗa cikin wannan, ba fenti ba lauya da zai fitar da shi. Tun rushe-rushen da gwamnatin Kano ta yi a watan Yunin 2023, masu saye sun ƙara buɗe ido. Jan fenti a jikin katanga yanzu yana korar mai saye tun daga bakin layi.

Ma'aunan da za a gwada kowace hanya da su

Na farko, abin da zai shiga aljihunka bayan an cire la'ada da gyara da zirga-zirga, ba farashin da dillali ke faɗa a majalisa ba. Na biyu, kuɗin da dole ka fitar kafin ka ga ko sisi. Na uku, lokaci. Na huɗu, wahala: shin aikin yana buƙatar ka tsaya a kai da ƙafarka? Na biyar, wanda aka fi mantawa, ɗorewar cinikin, wato kada bayan an raba kuɗi kowa ya ci nasa a aiko maka da sammaci.

Wannan na biyar ɗin ƙofa biyu yake shigowa. Ta fuskar shari'ar Musulunci, ɓoye aibi algus ne, kuma mai saye na da zaɓi idan ya gano. Malaman Malikiyya sun kasa aibin gida kashi uku: ƙarami wanda ba ya jawo komai, matsakaici wanda ake rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa, da babba wanda yake ba shi damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Ta fuskar doka kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a sashe na 22 ta hana mai riƙe da haƙƙin mallaka na gwamnati ya sayar ko ya jinginar ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa wannan sharaɗi ya hau har kan waɗanda suka mallaki filayensu a birni tun kafin a yi dokar. Neman amincewar kuma a wuyan mai sayarwa doka ta ɗora shi, duk da a al'ada mai saye ne ke biyan kuɗin.

Hanya ta ɗaya: sayarwa yadda yake

Ita ce mafi sauri da sauƙi. Ka ba dillalai, masu kuɗi a hannu su zo su zaga, a yi tayi, ka ce albarka sau biyu, a na uku ka sallama. Ba ka fitar da komai sai la'ada, wadda aka saba biyar cikin ɗari ce, kuma ana iya daidaitawa idan kuɗin da yawa.

Inda ake cin ka shi ne farashi, kuma ba a cin ka daidai wa daida. Mai saye zai iya kiran kafinta ya ɗaga kai ya ƙirga bandir nawa na kwano rufin zai ci, ya cire wannan daga tayinsa, shi ke nan. Amma idan ka ce masa "takardar tana da 'yar matsala", ba shi da ma'aunin da zai auna ta. Bai san ko wata uku ce ko shekara uku ba, bai san ko wani zai fito gobe da wata takardar ba. Don haka sai ya zaftare kuɗi gwargwadon tsoronsa, ba gwargwadon matsalar ba. Duk dabarar sayar da gida mai aibi a nan take: ka mayar da abin da ba a sani ba ya zama sananne mai farashi. Ko da ba za ka gyara komai ba, ka je ka yi bincike a hukumar da ke riƙe da bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS idan a Kaduna ne, ka san sunan wa ke kan fayil da nawa ake bin filin. Ka kira injiniya ya dubi tsagewar ya rubuta abin da ya gani. Kuɗin waɗannan biyu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da ragin da suke hanawa.

Ɗorewar wannan ciniki tana hannunka. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma sai an nuna masa rariyar. Rubuta "na sayar yadda yake" a takarda ba ya wanke wanda ya san aibi ya yi shiru. A jera aibobin ɗaya bayan ɗaya a cikin takardar ciniki: ɗakin kudu na yoyo, shagunan gaba ba su cikin zanen da aka amince, satifiket da sunan wane yake. Mai saye ya sa hannu a ƙarƙashi, shaidu su sa.

Hanya ta biyu: gyaran gini

Nan muka zuba kuɗi. Yayanmu ya ce gidan ya yi muni, dillalai na raina shi, a ɗan yi masa kwalliya. Aka tara kuɗi tsakaninmu, aka sa tayil a falo da ɗakuna biyu, aka sauya silin, aka yi fenti ciki da waje, aka sa sabon ƙyaure. Kimanin wata biyu bayan mun sayar na bi ta layin, na tarar da tifa a ƙofar gidan, leburori na loda ɓaraguzai da shebur. A cikin tarkacen na hango tayil ɗinmu, mai ruwan madara da ratsin toka, wanda ni da kaina na je na zaɓo. Mutumin fili ya saya, ba gida ba. Kwalliya ba ta biya ko kuɗin sabulu ba.

Kafin ka sayi buhun siminti ɗaya, ka tambayi kanka wane ne zai sayi gidan nan. Idan a layinku duk tsohon gidan da aka saya rushe shi ake yi a tayar da sabo, to gyara asara ce tsantsa. Idan kuwa unguwa ce ta masu saye su tare da iyali, kuma ƙashin ginin lafiya lau ne, gyara na iya biya, amma ba kowane iri ba. Wanda ke biya shi ne mai tsayar da ruwa: toshe yoyo, sauya katakon da gara ta ci, fitar da kwata, gyara shadda. Tayil da silin na zamani ɗanɗanon mai saye ne, kai ba ka san shi ba.

Haɗarin wannan hanya biyu ne. Kuɗin kayan gini ba ya tsayawa wuri ɗaya: buhun simintin da ake saye ƙasa da naira dubu biyar a 2022 ya haura dubu goma a farkon 2024, duk wanda ya yi lissafi kafin nan ya tsaya a tsakiyar aiki. Sannan tsohon gida kamar tsohuwar riga ne, kana ɗinke nan can na yagewa. Ka ɗaga kwano don sauya katako biyar ka tarar ashirin ne. Ga tsayuwa a kan magina, wadda wanda ke Legas ko Abuja ba zai iya ta waya ba.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba ko kaɗan: a cusa siminti a tsagewar harsashi a shafe da fenti ana gobe masu saye za su zo. Damina ɗaya za ta tona asiri, kuma wannan shi ne babban aibin da ake mayar da gida a kansa.

Hanya ta uku: gyaran takarda

Bayan kwalliyar tamu mun sami mai saye da wuri, har ya ba da kafin alƙalami. Lauyansa ya je bincike ya dawo da labarin da mu kanmu ba mu sani ba: takardar filin tana ɗauke da sunan mutumin da mahaifinmu ya saya a hannunsa, shi ma ya daɗe da rasuwa. Abin da ke haɗa mu da filin 'yar takarda ce guda da aka rubuta da biro, shaidu uku, biyu sun rasu. Mai sayen ya ce a ba shi kuɗinsa, muka ba shi. Daga ranar duk dillalin unguwar ya ji labari, tayin da ke zuwa ya faɗi warwas.

Wata bakwai muka yi muna bin magadan wancan bawan Allah. Allah ya sa mutanen kirki ne. Babban ɗansu ya ce, "Ai Baba ya sha faɗa mana ya sayar wa mahaifinku, ku kawo duk abin da za a sa wa hannu." Amma sai da aka jira ƙanwarsu da ke aure a wani gari, sai da aka fito da takardar rabon gadonsu. Da ba su amince ba, sai kotu.

Ta fuskar kuɗi, wannan hanya ta fi gyaran gini arha nesa ba kusa ba, kuma ita ce ta fi ɗaga farashi, domin tana shigo da masu sayen da da ba za su ko leƙo ba: ma'aikacin da zai ci bashin banki, ɗan kasuwar da ke son kadarar da zai iya jinginarwa, mutumin da ke ƙasar waje wanda lauya ne idonsa. Banki ba ya karɓar takardar mai unguwa. Ta fuskar ɗorewa kuma babu kamarta. Abin da take ci shi ne lokaci da takalmi.

Matsalolin takarda ba nauyinsu ɗaya ba. Bashin kuɗin ƙasa biya kawai ake yi. Gadon da ba a raba ba, a je kotun shari'ar Musulunci a raba a karɓi takarda, ko a nemi takardar kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, kuma kowane magaji ya sa hannu, har mata da waɗanda ke nesa, marayu ƙanana kuma ta hannun waliyyinsu da sanin alƙali. Filin awon igiya ana iya neman a shigar da shi tsarin gwamnati, safiyo ya auna, a buɗe fayil, matuƙar bai hau titi ko hanyar ruwa ko filin da aka ware wa makaranta ko maƙabarta ba. Ginin da ba izini ana iya neman a duba a daidaita shi a biya tara, sai dai a nan akwai abin lura: kai ne da kanka za ka gayyato hukuma ta zo ta auna, idan shagunan gaba sun ci titi za a ce a cire su. Ka sa mai zanen gini ko safiyo mai rajista ya fara dubawa, ka san amsar kafin ka yi tambayar.

Wata gajeriyar hanya da ake yawan bi ita ce a ba mai saye takardar wakilci maimakon takardar sayarwa, don a kauce wa neman amincewar gwamna. Takardar wakilci ba ta mayar da mallaka. Sunanka na nan a fayil, bashin ƙasa da duk rigimar da ta taso kai za a nema.

Hanya ta huɗu: sayarwa a matsayin fili

Idan ginin ya zama kango, ko filin babba ne a bakin titi, ka daina tallan gida, ka yi tallan ƙafa kaza da kaza. Masu rushewa su gina shaguna ko ƙananan gidajen haya ba ruwansu da yoyo, matsalar izinin tsohon gini ma ta mutu tare da ginin. Takardar filin ce kaɗai za su duba, ita kuwa za su duba ta da kyau.

Shawarata kada ka rushe da kanka. Ka bar wa mai saye, sai dai ku yi magana a kan kwano da ƙofofi da tagogi da rodi, don 'yan gwangwan na saye. Fili fetal ba katanga yana jawo masu zuba shara da masu ido a kan kayan mutane. Kuma idan har gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa ya tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta ƙasar ba. Yanka filin gida biyu ko uku kan kawo kuɗi fiye da sayarwa dunƙule, amma satifiket ɗaya ba ya rabuwa da almakashi, sai an nemi izinin rabawa. Idan da 'yan haya a ciki a lissafa da su: in ba yarjejeniya ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara notis ɗin wata shida yake da shi.

Hanya ta biyar: cinikin cikin gida

Ɗaya daga cikin magada ya sayi kason sauran, ko maƙwabci ya haɗe da nasa, ko a yi musaya da ƙaramin gida a cika muku kuɗi. Ba la'ada, ba ɓoyayyen aibi tunda mai sayen a gidan ya girma. A Malikiyya ma abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a: idan ɗan'uwansa ya sayar da kasonsa ga bare, zai iya biyan kuɗin ya karɓe. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi, ko da yake kyautatawa ce a fara yi masa tayi.

Cikas ɗinta biyan kaɗan-kaɗan. "Zan cika bayan Sallah" ya raba zumunci da yawa, kuma a shekara irin 2024 da hauhawar farashi ta haura talatin cikin ɗari, kuɗin da aka biya ka bayan shekara biyu ba shi ne kuɗin da kuka yi ciniki a kai ba. A kira masani na waje ya yi wa gidan kuɗi, a rubuta ranakun biya, a rubuta abin da zai faru idan aka saɓa.

| Hanya | Kuɗin da za ka fitar | Abin da za ka samu | Lokaci | Wahala | Ɗorewar ciniki |
|---|---|---|---|---|---|
| Yadda yake | La'ada da kuɗin bincike | Mafi ƙanƙanta | Makonni | Kaɗan | Mai kyau idan an rubuta aibobi |
| Gyaran gini | Mai yawa, kuma yana ƙaruwa | Ya danganta da mai saye | Watanni | Sai ka tsaya a kai | Mai kyau idan gyaran gaskiya ne |
| Gyaran takarda | Matsakaici | Mafi yawa | Watanni, har fiye da shekara | Zirga-zirga | Mafi ƙarfi |
| A matsayin fili | Kaɗan | Mai kyau a bakin titi | Makonni zuwa watanni | Kaɗan, sai in za a yanka | Ta rataya a kan takardar fili |
| Cikin gida | Kusan babu | Ƙasa da kasuwa | Ya danganta da biya | Kaɗan | Mai kyau idan an biya lokaci ɗaya |

Ko wace hanya ka bi, ka tambayi lauya batun haraji kafin a raba kuɗi, don sabuwar dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026 ta taɓa yadda ake lissafin ribar sayar da kadara. Kuɗin cinikin kuma su bi ta banki, da sunan mai saye, zuwa asusun da magada suka amince da shi a rubuce.

Wace ce taka?

Wanda bashi ko jinya ko kuɗin makaranta ya matsa wa, ya sayar yadda yake, amma ya ba kansa mako biyu na bincike da rahoton injiniya kafin ya kira dillali. Wanda ba ya gari kuma ba shi da amintaccen da zai tsaya, shi ma haka, kada ya kusanci gyaran gini.

Wanda ke da wata shida ko shekara a hannu, kuma matsalarsa suna ce ko gado ko bashin ƙasa, ya bi takarda ya bar ginin yadda yake, in ban da toshe yoyo don kada damina ta ƙara ɓarna yana jira. Gyaran gini sosai na mutum ɗaya ne: mai takarda tsaf, harsashi lafiya, a unguwar da ake saye a zauna.

Gidan da harsashinsa ya tafi, ko wanda ke bakin titin da shaguna suka mamaye, fili ne, a sayar da shi da sunansa. Magada masu yawa da ɗayansu ke zaune a ciki da iyalinsa, su fara gwada cinikin cikin gida, da sharaɗin biya lokaci ɗaya ko cikin 'yan watanni rubutattu.

Mai gida a kan hanyar ruwa ko ƙarƙashin babbar waya kuwa, zaɓinsa ya ƙuntata. Kada ya kashe ko kwabo a gyara ko neman takarda. Ya faɗi gaskiyar wurin a rubuce, ya karɓi abin da ya samu daga wanda ya ji ya gani, ko ya ci gaba da karɓar haya yana ajiyewa a gefe don neman wani filin.